Babi na Bakwai: "Kai Ne Babba, Ka Haƙura"

Yaron da aka yi wa ƙani yana ɗan shekara biyu yakan tafka asara uku a cikin 'yan watanni. An cire shi daga nono, wataƙila ma da gaggawa saboda ciki ya bayyana. An sauke shi daga baya, don mai tsohon ciki ba ta iya goyo. Daren da aka haihu kuma aka ɗauke shi daga gefen uwarsa, aka kai shi ɗakin kaka ko shimfiɗar yayyensa. Ba wanda ya yi shawara da shi, ko an yi ma ba zai gane ba. Abin da idonsa ya nuna masa shi ne, wani ɗan mitsitsin baƙo ya sauka a gidan, ya gaje nonon, ya gaje bayan, ya gaje gadon. Ranar da ya kai wa baƙon nan hannu kuwa, sai gida ya ɗauka: "Kai! Kashe shi za ka yi? Wannan yaro akwai mugunta."

Abin mamaki, mu Hausawa mun fi kowa sanin zafin a kawo maka wanda za ku raba abin da a da naka ne kai kaɗai. Idan za a yi wa mace kishiya, ai ba haka kawai ake yi ba. Za a sanar da ita tun da wuri, a yi mata kayan faɗar kishiya, manya su zaunar da ita su ba ta baki, bayan biki kuma a raba kwana don kowa ta san ranarta. Duk wannan ana yi wa babbar mace ce mai hankali, mai baki, mai dangin da za ta kai wa ƙara. Shi kuwa wanda kalmominsa kaf ba su isa ya ce "ina jin haushi" ba, abin da yake samu shi ne tsawa da kalma guda: kai ne babba, ka haƙura.

Kuma ba a gida ɗaya ko biyu ake wannan ba. Binciken lafiya da ƙidayar iyali na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 6.6, kuma a faɗin ƙasar kusan haihuwa ɗaya cikin huɗu tana zuwa ne kafin wadda ta gabace ta ta cika shekara biyu. Ke nan "babban" da muke magana a kansa, a gidaje da yawa, ko tafiya bai gama ƙwarewa a kai ba.

Tambayar farko da iyaye suke yi ita ce, a ina ya koyi duka? Sai a fara zargin 'ya'yan maƙwabta, ko talabijin, ko a ce halin dangin wane ya ɗauko. Richard Tremblay, wani malami a Jami'ar Montreal ta ƙasar Kanada, ya shafe shekaru yana bin rayuwar dubban yara tun suna jarirai har suka girma, kuma abin da ya gano ya juya tambayar. A duk tsawon rayuwar ɗan Adam, ba lokacin da yake yawan kai duka da cizo da ture da fizge kamar tsakanin shekara biyu zuwa uku da rabi. Daga nan abin yake raguwa, gwargwadon yadda baki ya buɗe da kuma yadda manya suka nuna wa yaro wata hanyar. Wato ba duka yaro yake koyo ba, barin duka yake koyo, kuma wannan karatu ne mai ɗaukar shekaru. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake riƙe hannun mutum idan zuciya ta ɗebe shi, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin. Ɗan shekara biyu zai iya maimaita miki cewa ba a dukan jariri, ya gyaɗa kai, bayan minti biyar ya sake. Ba raini ba ne. Sanin doka daban, iya kame kai daban.

Kishin kuma ya riga baki zuwa. A shekarar 2002 Sybil Hart ta Jami'ar Texas Tech a Amurka ta wallafa sakamakon wani gwaji da ta yi da jarirai 'yan wata shida. Idan uwa ta kawar da kai daga ɗanta ta duƙufa kan littafi, yaron yakan ɗan damu. Idan kuwa 'yartsana mai kama da jariri ta ɗauka tana yi wa wasa, damuwar takan fi haka ƙarfi. Ɗan wata shida ke nan, wanda ba wanda ya zuga shi.

Aikin da ya fi shiga cikin gida shi ne na Judy Dunn da Carol Kendrick a garin Kambirij na Ingila. Sun bi iyalai 40 tun kafin a haifi ɗa na biyu, suna zama a gidajen suna rubuta abin da suka gani, suka fitar da littafinsu a 1982. Mafi yawan iyayen sun ce ɗan farin ya ƙara ƙiriniya bayan haihuwar, wasu sun koma fitsarin kwance, wasu kukan dare, wasu maƙalewa uwa. Abin lura shi ne lokacin da ɓarnar ta fi yawa: daidai sa'ad da uwa ta zauna shayar da jariri ko tana yi masa hidima. Duk uwar da ta taɓa ganin ɗanta ya kalli tsabar idonta ya tuntsurar da kofin kunu ana tsakiyar ba da nono, ta san wannan ba sai an zo daga Ingila an faɗa mata ba. Dunn da Kendrick sun kuma lura cewa a gidajen da uwa take yi wa babban hira game da jaririn a matsayin mutum mai jin yunwa da barci da daɗi, tana jawo shi cikin kula da shi, yaran biyu sun fi shiri bayan shekara guda. Daga baya Brenda Volling ta Jami'ar Michigan ta bi iyalai 241, rahotonta na 2017 kuma ya kawo abin da zai kwantar da hankali: a wajen yawancin yara, rikicewar ba ta da tsanani, kuma takan lafa cikin 'yan watanni.

Takan lafa, in ba mu hura mata wuta ba. Kuma muna hurawa, tun daga ranar barka. Mace za ta shigo da sallama, ta wuce yaron da a da shi take fara ɗauka, ta karɓi jariri, sannan ta waiwayo tana dariya: "Su wane an zama tsohon yayi! An ƙwace maka fada. Yanzu Ummanka ta daina yi da kai." Wata ta ce, "Ka ba ni jaririn in tafi da shi?" Idan ya ce e, a kwashe da dariya a ce dubi kishi. Idan ya fashe da kuka, a ce dubi shagwaɓa. A wajen manya wasa ne, irin wanda kakanni da abokan wasa suka saba. Amma yaro ɗan shekara biyu bai san wasa da magana ba, abin da aka faɗa shi ya ji. Tsoron da yake ɓoye a ransa ne wata babba ta fito ta tabbatar masa a gaban jama'a, kuma tsakanin haihuwa da suna zai ji shi daga baki goma. A ganina mai jego, ko wadda ta zo zama da ita, tana da damar tarar numfashin mai irin wannan wasa cikin raha: "A'a Goggo, kar ki haɗa ni da yayana. Ai shi ne mai jaririn, sai da izininsa ake ɗauka." Magana ce ƙarama, amma yaron yana ji, ita ma Goggo ta gane.

Sai batun duka, wanda dole a tsaya a kansa, domin shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa. Yaro ya mintsini jariri, uwa ta kai masa dundu tana cewa, "Gobe ma ka ƙara dukan wanda ka fi ƙarfi!" Ita a nufinta ta hana shi duka. Shi kuwa abin da ya gani, wanda ya fi ƙarfi ya doki wanda bai kai shi ba saboda ransa ya ɓaci. Ya kuma ƙara gane cewa tunda wannan baƙo ya zo ake dukansa. Wasu iyayen ma idan yaro ya yi cizo sai su rama, wai don ya ji yadda ake ji. Zafin yake ji, darasin ba ya isa gare shi, domin a wannan shekaru bai iya ɗaukar zafin jikinsa ya auna na wani da shi ba. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru masu yawa da ya shafi yara fiye da 160,000, suka ga yaran da ake duka sun fi zama masu faɗa da taurin kai, ba su fi ladabi ba.

Za a ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Za a kuma kawo addini, to a nan ma hujjar ba ta tare da mai bulala. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito game da salla ya sa umarni a shekara bakwai, bai ambaci duka ba sai a shekara goma. Idan salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an jinkirta horo a kanta har shekara goma, da wace hujja za a zane ɗan shekara biyu don ya fizge hular jariri? Alƙalami ma an ɗauke shi daga kan yaro har sai ya balaga. Abin da addini ya tsananta a kai a wannan babi shi ne adalci tsakanin 'ya'ya. Buhari da Muslim sun kawo labarin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da daidaita 'ya'yansa. Ƙissar Annabi Yusuf kuwa kowa ya san daga inda ta faro: 'yan'uwa ne suka ga kamar an fi son wani a kansu.

To me za a yi a lokacin da hannun ya tashi? A riƙe shi. Ba da murɗewa ba, riƙo dai mai ƙarfi wanda zai hana shi sauka. Uwa ta durƙusa daidai tsayinsa, ta yi magana gajera da murya wadda ba wasa a cikinta kuma ba ihu: "A'a. Ba a duka. Duka da zafi." Shi ke nan. Dogon wa'azi ɓata baki ne, kafin a kai jimla ta uku hankalinsa ya tafi wani wuri. Idan ya riga ya yi ɓarnar, a fara da wanda aka cuta, a ɗauke shi a rarrashe shi. Dalili kuwa, yaron da yake yunwar kulawar uwarsa bai damu da irin kulawar da zai samu ba. In ya gano cewa hanya mafi sauri ta sa Umma ta ajiye komai ta fuskance shi ita ce ya taɓa jariri, to zai riƙa taɓawa, ko da tsawa ce za ta biyo baya. Bayan ƙura ta lafa sai a jawo shi jiki a ba shi kalmar da ya rasa: "Haushi ka ji don na daɗe da ƙaninka, ko? In ka ji haka ka zo ka ce, Umma ɗauke ni." Sai a kama hannun nasa a nuna masa inda ake shafawa, ƙafa ko bayan hannu, a hankali, ban da ido, ban da maɗiga. Za a maimaita wannan har a gaji. Ba alamar abin bai yi aiki ba ce, haka karatun yake tafiya.

Tunda an san lokacin shayarwa ne ake ɓarna, sai a riga shi. Kafin uwa ta zauna, ta tanadi abin da zai ci ko zai yi wasa da shi, ta zaunar da shi a gefenta. Hannu ɗaya ne yake riƙe da jariri, ɗayan da baki duk suna nan, ana iya yin tatsuniya ana shafa kansa. A riƙa ba shi ɗan aike irin nasa, miƙo majanyi, kawo man shafawa, sannan a yaba a gaban mutane. Wata dabara da na ga tana aiki ita ce uwa ta riƙa yi wa jaririn magana yadda babban zai ji: "Yi haƙuri ka jira, ina sa wa yayanka riga." Jariri bai san me aka ce ba. Yayan ne ya ji cewa ashe ba shi kaɗai ake ce wa jira ba.

Idan ya koma rarrafe, ko ya ce sai an goya shi, ko ya nemi nono, kada a kunyata shi. Lissafi ya yi irin nasa: ya ga wanda ba ya iya komai shi ake ji da shi, shi ma bari ya daina iyawa. In jikin uwa ya yi ƙwari, a goya shi na ɗan lokaci, zai gaji da kansa ya nemi sauka, don wasa a tsakar gida ya fi baya daɗi. Fitsarin kwance kuma a wanke a yi shiru.

Abu guda ne ba sassauci a cikinsa: ba a barin ɗan ƙasa da shekara huɗu shi kaɗai da jariri, ko na shiga banɗaki ne. Kuma ba ƙiyayya kaɗai ake tsoro ba, ƙauna ma tana kisa. Yaro zai tura wa jariri gyaɗa a baki don yana son ya ci, zai rufe masa fuska da zani don ya ga ana lulluɓe shi, zai ɗauko shi daga gado don ya ji yana kuka. A kwanakin jego ma gidan cike yake da haɗari ga shi kansa babban: ga tukunyar ruwan wanka tana tafasa safe da yamma, ga garwashi, ga hankalin kowa yana ɗaki.

Al'adarmu ta kai yaro wajen kaka idan za a yaye shi tana da hikima, yaron da ya shaƙu da kakarsa yana da wata inuwar idan ta uwa ta yi masa ƙaranci. Inda ake kuskure shi ne lokaci. Idan aka tattara yaye da barin gida da zuwan ƙani duk a wata guda, ko aka tura shi ana gobe haihuwa ya dawo ya tarar da wani a gurbinsa, to an haɗa masa lissafin da kansa: an kore ni ne don wannan. Duk canjin da za a yi, na wurin kwana ne ko na wanda zai riƙa yi masa wanka, gara a yi shi tun ciki yana wata biyar ko shida, ya saba kafin baƙo ya iso. A nan ne kuma uba yake da aiki, wanda sau da yawa yakan tsaya ga ragon suna da itacen wanka ya ɗauka ya gama. Ya riƙe hannun yaron zuwa masallaci, ya ɗora shi a kafaɗa zuwa bakin titi sayen burodi, ya zauna su ci abinci kwano ɗaya. Minti goma na uba a kullum, wanda yaro ya san nasa ne shi kaɗai, yana rage wa uwa rigimar yini.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika kawo ƙararta ba saboda waɗanda ake cuta ba jarirai ba ne. Wannan shi ne ɗan shekara biyu da ya addabi yayyensa: ya yaga littafin makaranta, ya wanke allo, ya rushe ɗakin ƙasar da aka yini ana ginawa, ya gartsa cizo idan an hana shi. Yarinya 'yar shekara shida ta zo da kuka, sai a ce, "Ƙyale shi, yaro ne, ba ke ce babba ba?" Kalmar nan dai ce ta sake dawowa, wannan karon a kan wata. Ranar da ta gaji ta rama, ita za a daka. Abu biyu ake shukawa a nan. Ƙaramin ya gane cewa kuka makami ne, da ya tsanyara za a ƙwace a ba shi. Babbar kuma ta gane cewa ba adalci a gaban Umma, sai ta koma mintsini a ɓoye. Dokar gida ta zama ɗaya ga kowa: ba a duka, ba a cizo, ba a fizge. Idan ƙaramin ya ƙwace abu, a karɓa a mayar wa mai shi ko zai yi birgima, a ba shi wani abin, in ya ƙi a bar shi ya gama kukansa a kusa da uwa. A kuma samar wa manyan wurin da hannunsa ba ya kaiwa, ko ƙusa ce a bango ta rataye jaka. Ba dole ne a ce komai sai an raba ba, mu ma manya ba kowa muke ba wa wayarmu ba.

Faɗan sako da sako dai ba a raba shi da gida, kuma ba kowanne ne yake buƙatar alƙali ba. Idan ƙarfi ya zo ɗaya kuma ba a kai ga jin ciwo ba, wani lokaci kawar da kai ya fi. Inda abin yake lalacewa shi ne gidan da yaran 'yan uba ne. Yara biyu sun yi rigima a kan murfin kwalba, kafin la'asar sun manta suna cin tuwo tare, amma iyayensu mata sun kwana uku ba sa ga maciji. Kowace ta ja nata ɗaki tana yi masa huɗuba. Yaro ɗan shekara biyu bai san ɗan uba ba, bai san ɗan ɗaki ba, abokin wasa ya sani. 'Yan ubanci a bakin manya yake jin sa.

A kuma kiyayi laƙabi. Yaron da aka saba kira mugu, ko mai baƙin hali, ko a riƙa ba da labarin cizonsa a gabansa duk baƙon da ya zo, zai ɗauka sunansa ke nan, kuma yara suna cika sunan da aka ba su. Aikin ne mummuna, a faɗi aikin.

Wani lokaci kuma rigimar ba ta zuciya ba ce, ta ciki ce. A farkon shekarun 1930 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a asibitin yara na Accra a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta bayyana wani ciwo da mutanen Ga suka daɗe suna dangantawa da yaron da ƙani ya ture daga nono, wanda duniya ta sani yanzu da sunan da suke kiransa, kwashioko. Yaro ne aka cire daga nono aka bar shi da koko tsura, ba abin gina jiki. Cikin alamominsa na farko akwai yawan fushi da kukan da ba dalili da ƙin wasa, abin da a gida za a fassara da kishi. Uwar da ta yi kwanika ta sa ido sosai a nan. Kunun yaron da aka yaye yana buƙatar gyaɗa ko waken suya ko madara, abincinsa yana buƙatar wake da ƙwai da kifi da ganye irin su zogale, kuma sau da yawa a yini, don cikinsa ƙarami ne. Idan ƙafafunsa suka fara kumbura, ko gashinsa ya yi laushi ya koma ja-ja, ko fatarsa ta fara saɓulewa, wannan ba na rarrashi ba ne, asibiti za a nufa a ranar. Haka nan yaron da ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya, a kai shi a duba kunnensa, domin yaron da ba ya ji sosai bakinsa yakan yi nauyi, wanda bakinsa ya yi nauyi kuwa da hannu da haƙori yake bayani. Wanda kuma ya haura shekara huɗu dukan nasa yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yake neman abin da zai ji wa ƙaninsa rauni da shi da gangan, shi ma a nemi likitan yara a yi masa bayani tun daga farko, har da abin da yaron yake gani tsakanin manyan gidan.